Ruwan da Ramatu Ta Ƙara a Kwalba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ja'afaru Maliki. Masu girma masu unguwanninmu da wakilansu. Malamanmu limamai, waɗanda muke bin bayansu sau biyar a yini. Ma'aikatan jinya da ungozomomi. 'Yan uwana abokan sana'a, masu kantunan magani na Kawo da Rafin Guza da Katabu, har da na bakin Babbar Kasuwa da suka rufe shaguna suka zo. Iyayenmu mata da suka baro tukwane a kan murhu. Sauran jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan safiya lafiya. Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga hukumar wannan makaranta da ta ara mana ɗakin taro da bencina. Godiya ta musamman ga iyaye mata, domin duk abin da za mu faɗa yau, a hannunsu zai ƙare. Mu namu miƙa kwalba ne, su ne masu ɗura wa yaro.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ubaidullah Sanda. Shekara ashirin da shida na yi ina harhaɗa magani a asibitin gwamnati, shekara tara kuma ke nan ina da kantina a Rafin Guza. Mutanen unguwa suna ce mini Baba Likita. Na gaji da gaya musu cewa ni ba likita ba ne, sun ƙi ji, ni ma na haƙura ina amsawa.

An ce in yi magana a kan awon magani: ƙarfinsa, yawansa, hanyar da ake ba da shi, da lokacinsa. Zan yi, in Allah ya yarda. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara gaya muku abin da ya hana ni sukuni. A cikin ɗakin nan akwai wata baiwar Allah, Ramatu, matar Husaini tela. Tana da 'ya guda ɗaya, Yasmin, mai shekara ɗaya da wata tara. Yau mako shida ke nan rabon da yarinyar nan ta kwana a ɗakin uwarta. Tun da aka sallamo ta daga asibiti, kakarta, Hajiya Turai, mahaifiyar Husaini, ta wuce da ita Katabu. An ce yaye ne. To, iyayena mata, ku ne shaidu, yayen da ake kai yaro gidan kaka a ɗauko shi bayan 'yan kwanaki, yaushe ya koma mako shida? Kowa a Rafin Guza ya san dalili. Ana cewa Ramatu ta tsinka wa 'yarta magani da ruwa saboda rowa, har yarinya ta kusa barin duniya. Na nemi izinin Ramatu da na mijinta kafin in ambaci sunansu, na kuma roƙi Hajiya Turai da ta zo, ga ta can a sahun gaba da jikarta a cinya. Na zo in faɗi abin da na sani a gaban kowa, domin daga hannuna kwalbar nan ta fita.

Abu na farko shi ne ƙarfin magani. A nan ne ƙafa ta zame mana, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kowane magani yana da awo iri biyu, kuma da yawanmu ɗaya kawai muke gani. Akwai nauyin maganin kansa, wanda ake aunawa da miligiram. Akwai kuma yawan ruwan da maganin yake ciki, wanda ake aunawa da mililita, abin da muke ce wa mil. Miligiram shi ne mai yin aiki a jiki. Mil kuwa ruwa ne da yake ɗauke da shi zuwa ciki. Idan kuka duba jikin kwalba kuka ga an rubuta ɗari biyu da hamsin a cikin biyar, ma'anarsa ita ce kowane mil biyar na ruwan nan yana ɗauke da miligiram ɗari biyu da hamsin na magani. Wannan shi ne ƙarfinsa. Wata kwalbar, sunan iri ɗaya, launin iri ɗaya, ƙamshin iri ɗaya, amma ɗari da ashirin da biyar ne a cikin biyar, wato rabin ƙarfin waccan. Mai kantin da ya miƙa ɗaya a madadin ɗaya bai duba ba, ya cuci yaro ko da bai yi niyya ba.

Wata ranar Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya saura, Ramatu ta shigo kantina da Yasmin a goye, da takardar likita a hannu. Limoniya ce ta kama yarinyar, tana tari, numfashinta yana sauri. Maganin da aka rubuta irin na garin nan ne da yake zuwa a busasshiyar kwalba, sai an zuba ruwa an girgiza. Kanti cike da mutane, ga ladan ya fara kira, ga ni ban yi alwala ba. Na miƙa mata kwalba, na nuna mata layin da ke jiki da farce, na ce, "Ki tafasa ruwa, ki bari ya huce, ki zuba zuwa nan. Murfi ɗaya, sau uku a rana, kwana biyar."

Ta ce, "Baba, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, 'yata. Allah ya ba ta lafiya."

Jama'a, ku riƙe wannan tambaya tata. Ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma fa sai idan wanda aka tambaya ya tsaya ya ba da amsa.

Ta je gida ta yi duk abin da na ce, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta zuba daidai layi. Yini guda tana bayarwa a kan ƙa'ida. Washegari sai ɗan maƙwabciyarta Bara'atu ya tashi da tari, uban yaron kuma ya yi tafiya. Ku gaya mini, wace mace ce a unguwanninmu za ta ji ɗan maƙwabciya yana tari ta bayan katanga, ga magani a kan tagarta, ta yi shiru? Ɗa na kowa ne, haka aka raine mu. Ramatu ta samo tsohuwar kwalba ta wanke, ta raba maganin biyu. Da ta ga kowace kwalba ta koma ƙasa da rabi, sai ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi idan baƙi suka yi sallama ana shirin kwashe tuwo, ta ƙara wa miya ruwa. Ta sake tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta cika kowace kwalba zuwa layin da na nuna mata da farcena.

Me zai hana ta? Da idonta ta ga maganin gari ne da ruwa. Da kunnenta ta ji na ce a zuba ruwa zuwa layi. Ban ce mata sau ɗaya tak ake zubawa ba. Ban ce mata layin nan lissafi ne da aka yi shi daidai da garin da ke ciki ba. Ban ce mata na Yasmin ne ita kaɗai ba. Daga ranar, murfi ɗayan da take ba 'yarta cike yake a ido, amma abin da ke cikinsa bai kai rabin abin da likita ya rubuta ba. Ɗan Bara'atu, ashe mura ce kawai, ya warke da kansa, tun farko ma ba ya bukatar maganin. Yasmin kuwa, a kwana na huɗu, haƙarƙarinta ya fara lotsawa idan ta ja numfashi. Kwana tara suka yi a asibiti.

Abu na biyu shi ne yawan da za a ba kowane mutum. 'Yan uwana masu kanti, ku fito da biro, lissafin ba shi da wuya, ko ni da na sha bulala a ajin lissafi na iya shi.

Babba, galibi, awonsa sananne ne. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, nauyi kuma sikeli ne yake faɗarsa. Mu a nan mun saba da kallon yaro mu ce, "Wannan ai ya yi shekara uku, a ba shi kaza." Ido ba mudu ba ne, amma mu mun mayar da shi sikeli. Yara biyu za su zo, haihuwar wata ɗaya, wannan kilo tara, wancan kilo goma sha huɗu. Yasmin kilo goma ce. Likita ya rubuta mata miligiram ashirin da biyar ga kowane kilo, a kowane sha. Ashirin da biyar sau goma, ɗari biyu da hamsin ke nan. Sai ka koma jikin kwalba. Ɗari biyu da hamsin a cikin mil biyar, to mil biyar za a ba ta. Da mai rabin ƙarfin nan ce a hannuna, da mil goma za a ba ta kafin a kai ga adadin. Sau uku a rana, mil goma sha biyar a yini, kwana biyar, mil saba'in da biyar. Kwalbar mil ɗari ce. Abin da ya yi saura zubarwa ake yi, ba a ajiye wa ƙane, ba a aika wa maƙwabta, domin garin da ya riga ya sha ruwa ba ya wuce kwanakin da aka rubuta a jikinsa, yawanci mako guda.

Kuma da me za a auna mil biyar ɗin? Iyayena mata, ina roƙonku da girman Allah, ku bar cokulan kicin su yi aikin kicin. Na taɓa tara cokulan shayi daga gidaje goma na unguwarmu na auna su. Wani mil uku ya ci, wani bakwai, wani kuwa, Allah ya gafarta wa mai shi, da kaɗan ya gaza ludayi. A yi amfani da murfin awo da ya zo da kwalba, ko sirinji marar allura, wanda ya fi kowanne daidai.

Abu na uku shi ne hanya. Magani yana shiga jiki ta ƙofofi da yawa. Akwai na sha ta baki, akwai na sa wa a ƙarƙashin harshe, akwai na shaƙa, akwai na ɗigawa a ido ko kunne, akwai na shafawa, akwai na matsi ta dubura ga yaron da yake amai, sannan akwai allura, ta tsoka ko ta ƙarƙashin fata ko ta jijiya. Kowanne da ƙofarsa aka yi shi. Na kunne ba ya shiga ido. Ƙwayar da aka ce a haɗiye ta sukutum ba a daka ta a dama a kunu. Ku kuma maza, masu shigo mana kanti kuna cewa, "Ni fa in ba allura ba, ba na jin na sha magani," ku sani allura ba ta fi ƙwaya daraja ba, ta fi ta gaggawa ne, ta kuma fi ta haɗari idan ta faɗa hannun wanda bai iya ba. Yasmin sai da aka kai ga ba ta magani ta jijiya. Na je na gan ta da robar nan manne a bayan hannu, hannun da bai fi yatsuna biyu kauri ba. Maganin baki ya ishe ta tun farko, da an bar shi da ƙarfinsa.

Abu na huɗu shi ne lokaci, kuma ba zan ja shi ba. Sau uku a rana yana nufin kowace awa takwas. Ku ɗaure shi da abin da ba ma mantawa: bayan an dawo daga sallar asuba gari ya waye, da ƙarfe biyu bayan azahar, da ƙarfe goma kafin a kwanta. Wanda ya ba da na azahar da na la'asar da na magariba ya cika uku a ƙidaya, amma ya bar cuta ta huta fiye da rabin yini. Kuma idan an ce kwana biyar, kwana biyar ne, ko da yaro ya tashi yana tsalle a kwana na biyu.

Yanzu sai abin da ya fi mini nauyi, wanda ba ya cikin takardar da shugaba ya ba ni. Ranar da aka kwantar da Yasmin, Husaini ya zo kantina da kwalbar a hannu, idonsa ja. Ya ce, "Baba Likita, ka gaya mini tsakaninka da Allah, maganinka ne ba shi da kyau?"

Na karɓi kwalbar, na ɗaga ta a haske, na ga ruwan ya tsinke. Nan take na gane abin da ya faru. Na ce masa, "Maganina lafiya lau yake. Ruwa aka ƙara masa."

Ban yi ƙarya ba. Amma rabin gaskiya na faɗa, rabin da zai kare sunan kantina. Ban ce masa, "Husaini, matarka ta tambaye ni, ni ne na yi sauri zuwa masallaci" ba. Ya fita da maganar nan tawa, ta shiga unguwa, ta hau mota ta je Katabu. Mako shida ina jin ana yi da baiwar Allah a bakin famfo da gidajen suna, ni kuwa ina bayan kanta ina amsa Baba Likita. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na taka nawa, na bar unguwa tana hango nata. Ramatu ta zo ta wuce ta gaban kantina ranar Talatar nan, ba goyo a bayanta, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Wallahi kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara sana'ar nan.

Saboda haka na ɗauki alkawari, kuma ina so a rubuta shi a littafin ƙungiya da sunana a farko. Kwalbar gari ba za ta sake fita daga kantina a bushe ba. Ni zan haɗa ta da hannuna, da ruwa mai tsabta, a gaban mai ita. Zan rubuta sunan yaron a jiki, babba, yadda kowa zai san tana da mai ita. Zan ɗora yaro a sikeli kafin in taɓa biro. Sannan ba zan saki kwalbar ba sai uwar ta maimaita mini da bakinta: nawa, sau nawa, kwana nawa, da cewa ba a ƙara ruwa, ba a raba wa kowa. In layi ya kai bakin titi, ya kai. In mutum ya gaji ya tafi wani kantin, Allah ya raka taki gona. Kuma ina kira ga kowane mai kanti a ɗakin nan, daga Kawo har Katabu, kada ya fita ƙofar nan sai ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Wanda yake ganin ya fi ƙarfin irin wannan kuskure, ya tuna shekara talatin da biyar na yi a cikin magani kafin in yi nawa.

Hajiya Turai, yayata, yanzu da ke nake. Na san abin da kika gani a asibitin nan, domin ke kika kwana a kan tabarma a gefen gado. Wanda ya ga jikarsa tana kokawa da numfashi, in ya rungume ta ya ƙi saki, ba wanda zai ga baƙinsa. Tsoro ne ya sa kika riƙe ta, kuma tsoron nan ƙauna ce. Amma marowaciya ba ta raba maganin 'yarta da ɗan maƙwabta. Mai sakaci ba ta tafasa ruwa sau biyu ta zauna jiran ya huce. Surukarki alheri ta yi da ilimin da aka ba ta, ilimin ne aka ba ta guntu, kuma ga wanda ya guntule shi tsaye a gabanki. In hukunci ne, ni ya dace da shi. Ki faɗa mini duk abin da ke ranki a gaban jama'ar nan, zan sunkuyar da kai in saurara. Jiya na zaunar da Ramatu a kantina, na ba ta sirinji da kwalabe biyu masu ƙarfi daban, ta auna sau goma ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Yau a Rafin Guza babu uwar da ta fi ta sanin awon magani. Ina roƙonki, don Allah, don Annabi, ki mayar wa yarinyar nan da uwarta.

Ramatu, ke kuma ki yafe mini. Kin tambaye ni, ban tsaya ba. Aka zarge ki, ban yi magana ba.

Jama'a, ku dakata, kada a yi hayaniya. Hajiya ta miƙe. Ku na sahu na biyu, ku janye bencin nan ku ba ta hanya. Ramatu, taso mana, ke ake nufa. Taso, 'yata, ki karɓi 'yarki.

Alhamdu lillahi. Mai girma shugaba, a yi mini afuwa, sauran abin da na rubuta ba zan iya karanta shi ba, gilashina ya yi hazo.

Allah ya saka wa Hajiya Turai da Aljanna. Allah ya raya Yasmin, ya raya mana dukkan 'ya'yanmu a kan lafiya da imani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya sa albarka a hannun duk mai ba da magani, ya ba mu haƙurin tsayawa mu yi bayani, ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya ko a kanmu take. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Littafin yana kan teburin shugaba, biro yana kusa da shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.